Ranar Da Aka Ƙone Kasuwarmu a Imel

Ni ne sakataren ƙungiyar masu albasa a kasuwarmu ta Anaca. Ba girma ne ya ba ni kujerar ba, ni kaɗai ne a cikinmu na gama sakandare kuma nake iya rubuta wasiƙa da Turanci. Akwatin imel na ƙungiya a wayata yake. Ta nan muke aika takardu ga ƙungiyoyin manoma na gida, da masu motocin da ke ɗauko mana kaya, da 'yan'uwanmu na Inugu da Fatakwal.

Wata Laraba da hantsi ana sauke mana kaya, ina tsaye a gindin mota, saƙo ya shigo. Yana ɗauke da tambarin kamfanin imel ɗin, launinsa da komai. An ce suna gyaran na'urorinsu don ƙara tsaro, duk wanda bai tabbatar da kalmar sirrinsa kafin gobe ba za a rufe masa akwati. Takardun ƙungiya na shekaru kuwa suna ciki. Hannuna ɗaya na riƙe da bakin buhu, da ɗayan na danna inda saƙon ya ce a danna, na rubuta abin da aka nema. Shafin ya yi mini godiya. Har na ji daɗi a raina cewa na yi abu a kan lokaci.

Ranar Juma'a da safe ina shan koko mahaifiyata ta kira daga gida. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"Kana raye? Ina yaran? Ina uwarsu?"

"Inna, lafiyarmu ƙalau. Me ya faru?"

"An ce an ƙone kasuwarku, an sassari mutane. An ce kai da kanka ka rubuto."

Kafin in gama lallashinta wani kiran ya shigo, sai wani, sai wani. Wani abokina na Inugu ya turo mini hoton wasiƙar. Daga akwatin ƙungiya ta fito, da sunana a ƙasa. Ta ce rikici ya ɓarke cikin gari, an cinna wa rumfunanmu wuta, mutanenmu na kwance a asibiti, a taimaka cikin gaggawa ta wani asusu da ban taɓa gani ba. Na yi ƙoƙarin shiga akwatin, ya ce kalmar sirrina ba daidai ba ce. Na sake, na sake, ya ƙi buɗewa.

Ba asusun ne ya fi tayar mini da hankali ba. Wani ya riga ya juya wasiƙar zuwa Hausa, tana yawo a guruf-guruf na waya. Yau Juma'a, nan da 'yan sa'o'i jama'a za su taru a masallatai a garuruwanmu. A can ma akwai mutanen nan yankin, masu shagunan magani da kayan mota, da iyalansu. Na san abin da labari irin wannan yake iya haifarwa.

Na hau okada zuwa kasuwa. Ga ta nan lafiya lau, ƙudaje, warin ruɓaɓɓiyar albasa, masu baro suna ihun a ba su hanya. Shugaban ƙungiyarmu, dattijo ne da ya fi shekara talatin a garin, yana zaune wayoyinsa biyu suna ruri. Na durƙusa na gaya masa gaskiya.

"Alhaji, ni na ba su ƙofa. Da hannuna."

Ya ce, "Wannan maganar ta bayan Juma'a ce. Tashi ka kunna bidiyo."

Muka bi layi-layi ina ɗauka, yana faɗin rana da lokaci, yana nuna rumfuna. A ƙarshen layinmu akwai wata mata 'yar gari mai sayar da busasshen kifi, maƙwabciyarmu tun zuwana. Da ta ji abin da ke faruwa ta goge hannu a zaninta ta shigo gaban waya. Da guntuwar Hausarta ta ce, "Ba faɗa. Ba wuta. Mu duka lafiya." Ƙanenta yana da shago a Arewa, daga baya ta gaya mini.

Muka tura bidiyon ko'ina. Alhaji ya kira limamai uku na gida da ya sani, ya roƙe su su faɗa wa jama'a kafin huɗuba. Ni kuma na bi lambobin direbobi. Motoci huɗu sun riga sun tsaya a Lokoja sun ƙi ƙarasowa, ɗaya ma ta juya. Wani direba ya ce mini, "Malam sakatare, da safe ka ce ana kisa, yanzu ka ce ƙarya ne. Wanne zan ɗauka?" Na sake tura masa bidiyon, na kira na gaba.

Sallar Juma'ar nan ban san abin da liman ya karanta ba. Wayata na aljihu, duk motsin da ta yi sai hankalina ya koma kanta.

Bayan an idar na tafi wani shagon kwamfuta kusa da tashar mota ta Upper Iweka, wajen wata mata da ke buga mana takardu. Allah Ya sa ɓarayin ba su canza lambar wayar da ke haɗe da akwatin ba, da ita muka ƙwato shi. Ta buɗe saƙon ranar Laraba ta sa farce a kan adireshin wanda ya aiko. Harafi ɗaya aka sauya a sunan kamfanin.

"Oga, kamfani ba ya tambayarka kalmar sirri ta wasiƙa. Ko sun ce gyara ne, kar ka danna. Ka shiga ta inda ka saba shiga."

Ta gano sun saita akwatin yana tura musu kwafin duk abin da ya shigo, ta cire. Ta sa mini sabon tsari, ko da kalmar sirri ba a shiga sai an turo lamba ta wayata. Daga nan na rubuta wa kowa wasiƙar ban haƙuri, na ce wadda ta gabata ba tamu ba ce.

Har magariba babu labarin an taɓa kowa. Motocin sun iso ranar Lahadi, albasar ƙasan mota ta fara ruwa. A taron ƙungiya na ce a karɓi akwatin a ba wani. Alhaji ya ce wa za a ba, wanda bai taɓa ƙonewa ba? Aka bar mini.

Da na je gida da sallah, ƙanwata ta gaya mini mai shagon maganin bakin tasha, mutumin Anambara, ya rufe shagonsa kwana biyu a lokacin, ya kai matarsa da 'ya'yansa gidan mai unguwa suka kwana. Na je shagon. Ya tarbe ni da fara'a, ya tambaye ni mutanen Anaca da ruwan sama. Na tsaya a gaban kantarsa ina neman ta inda zan fara ba shi haƙuri, wasu suka shigo bayana. Na ce ya ba ni maganin ciwon kai, na karɓa na fito.