Kwanon Shaida

Na Allah ne mu, kuma gare shi tafiyar take. Ranar Laraba, 13 ga Agusta, 2025, dab da sallar Azahar, Allah ya karɓi ran mahaifina, Malam Hammadu Direba, a gidansa da ke Saji, yana da shekara saba'in da tara. An yi masa sutura bayan La'asar.

Baba, yau kwana tara ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Mutane sun faɗi alherinka a zaman makoki, kuma ba su ƙara gishiri ba. Shekara talatin kana jigilar hatsi da fasinja daga Rano zuwa Kano, ba a taɓa ganin ka ci abinci kai kaɗai ba. Wani dattijo daga Unguwar Gai ya ce ranar da motarka ta lalace a hanya, fura dunƙule biyu ka dama wa mutum tara, kai kuma ka ɗauraye ƙwaryar ka sha.

Ni abin da na fi sanin ka da shi, ba ka manta abinci. Kowa da shekaru yake lissafin zamani, kai da tuwo. Sai ka ce an haifi wane shekarar da kuka ci dambun zogale a Rurum. Mukan yi maka tsiya, mu ce da karatu ka riƙe haka da tuni ka zama alƙali. Da wannan tunawar kake auna cinka. In aka kawo tuwon dare sai ka ce, "Da rana wake na ci, yana nan bai sauka ba. A rage." Kakan ce ciki bai san ya isa ba, kai ne ke gaya masa.

Sai ga shi kan ne ya fara tafiya. Shekara biyu da suka wuce mantuwa ta kama ka. Za ka ci, ka wanke hannu, ka yi hamdala, kafin ruwan hannun ya bushe ka kira ni ka ce, "Mu'minat, yau ba a ɗora tukunya ba ne?" Da farko dariya muka yi, muka ƙara maka, ka cinye tas. Wata rana sau biyar ka ci abincin rana, da yamma aka kwashe ka ranga-ranga zuwa asibiti a Rano. Likita ya ce ciwon suga ne. Ya ce mana, "Shi ba zai tuna ya ci ba, ku za ku tuna masa. In kuka biye masa, da hannunku za ku kashe shi."

Inna ba ta iya ce maka a'a, Yaya Jabiru kuma yana Kano. Aikin hana ka abinci ya faɗo kaina.

Na yi dabara. Na daina ɗauke kwanon da ka ci a ciki, na bar shi a gabanka ba wanki, ko zai zame mini shaida. Ka dube shi, ka dube ni, ka ce, "Baƙo aka yi?" Na ce, "Kai ka ci, Baba." Ka yi murmushi ka ce, "Madalla. Ya dai ƙoshi ko? To, a kawo nawa."

Ka riƙa gaya wa maƙwabta ba a ba ka abinci. Wasu sun gane, wasu suka dinga aiko da langa a ɓoye, ina tarewa a zaure. Na ji abin da aka faɗa a kaina a gari. Bai yi mini ciwo kamar yadda kake bin hannuna da ido ba, duk lokacin da na wuce da kwano.

Ranar da za ka tafi, ka sha kunu da safe ka ci ƙosai uku. Da hantsi ka tambaya, na nuna maka kwanon. Ka sake tambaya, kuka ya ƙwace mini. Sai ka dafa kaina ka ce, "Daina kuka, uwata. Na gane, babu ne. Damina ce, haka take. Gero ya kusa nuna. In an samu ɗan wani abu, ki fara ba Innarku."

Rumbu na cike, Baba. Tukunya na kan wuta. Na ce a raina bari lokacin abincin rana ya yi. Da ya yi na zubo maka tuwo da miyar kuɓewa, na shigo, na tarar ka riga ka tafi.

Yaya Jabiru ya ce daidai na yi, Inna ma haka ta ce. Na sani. Amma tun ranar, in na sa hannu a kwano sai duk abincin da na hana ka ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya, lomar ta ƙi wucewa. Da na san awa uku suka rage maka, da na ajiye maka tukunyar gaba ɗaya. Ba wanda ake gaya wa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Innarmu Hajiya Fulera, da Yaya Jabiru, da jikokinka, da abokan aikinka na tasha, da jama'ar Saji baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Ya haskaka kabarinka, ya ciyar da kai a gidan da ba a jin yunwa. Ina kuma roƙon sa, shi da ba ya mantuwa, ya sanar da kai abin da na kasa sanar da kai: akwai abinci a gidanka, Baba, kuma ka ci.