Agogon Mato da Garkar Badagishiri

Shekara ashirin da shidda ina zaune da teburina bakin tashar Ƙonni ina gyaran agogo, kuma sau guda tak na taɓa ɓata wa mutum kaya. Sau gudan nan kuwa a kan wanda bai cancanta ba ya faɗa. Ni sunana Ishaku. Shi kuwa duk tasha Baba Mato Direba ake ce mishi, ya girme ni da kamar shekara goma sha biyar. Allah shi jiƙan shi.

Asalinsa mutumin wani ƙauye ne kusa da Badagishiri. Ubansu ya mutu ya bar musu, shi da ƙanensa Bawa, garka guda cikin fadama mai rijiya biyu, inda ake albasa da rani. Mato bai zauna noma ba. Tun yana saurayi ya bi mota, ya yi yaron mota, ya zama direba, ya ƙare da jan kamiyo, babbar motar ɗaukar siminti, daga Malbaza zuwa Yamai da Maraɗi har Agadas. Bawa ke aikin garka, Mato na aika kuɗin iri da taki, ba su taɓa raba gado ba. Ko da wasa ka ce mishi filin fadama ya yi tsada, su saida su huta, sai ya ɓata rai. Ya sha faɗi gabana cewa muddin yana numfashi garkar ubansu ba ta shiga hannun wani.

Agogon kuwa kyauta ce. Kafin a ba shi kamiyo ya yi shekara huɗu yana tuƙa wani Nasara injiniya a kamfanin siminti. Ranar da Nasaran zai koma ƙasarsu ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura mishi. Ɗan Siwis ne, ba ya cin batir, motsin hannu ke tafiyar da shi. Fuskar da fara ce, amma shekara talatin Mato na jingina hannu ga tagar mota, rana ta dafa ta har ta koma kalar shayi. Gilashin duk ya kakkarce.

Mato mutum ne mai son tsabtar kaya har ya ba ka haushi. Ba ya tashi da mota sai an wanke ta, ko da laka zai shiga bayan minti biyar. Da ya aje tuƙi sai ya koma dillancin motocin da ke zuwa daga Kwatano, nan kuwa halinsa ya yi mishi rana. Mota ba ta zuwa gaban mai saye sai ta sha wanka, an cike lotsawa, an fesa fenti, an shafa wa taya baƙi. “Ido ke ciniki, Ishaku,” haka yake ce mini. “Aljihu biya kawai yake yi.”

A shekarar dubu biyu da uku wani saurayi Bakano mai suna Mahfuz ya fara tsayawa teburina in ya biyo hanya. Tsofaffin agogo yake saye, har matattu. Ran nan ya tarar da Mato zaune kan bencina, idonsa ya faɗa kan hannunsa. Ya roƙa aka kwance mishi, ya sa madubin ido, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce jika ɗari uku, wato sefa dubu ɗari uku. Mutanen tasha sunka kwashe da dariya, sun ɗauka ba’a ce. Mato ya karɓi abinsa ya ɗaura, ya ce kyauta ba ta zuwa kasuwa. Mahfuz ya rubuta mini lambar wayarsa ya tahi.

Damana ta gaba ruwa ya ɗauke da wuri, abin da ya saura fara ta cinye. Wanda ya ga shekarar dubu biyu da biyar a ƙasar Tawa ba sai an ba shi labari ba. Buhun hatsi ya kai jika talatin, dillancin mota ya mutu murus. Gab da faɗuwar damana sai ga Bawa a tasha, ya rame har ban gane shi ba. Gabana sunka yi maganar.

“Yaya, tsakanin gidana da naka baki ashirin da uku ne,” in ji Bawa. “Awaki sun ƙare, jaki ya tahi. Akwai wani Alhaji mai fataucin albasa, ya ce zai sayi garka, rabi kuɗi rabi hatsi.”

Mato ya ce, “Ba ni kwana goma sha biyar.”

Ranar munka je wurin buga waya. Mahfuz ya ce yana nan zuwa cikin kwana goma, kuma maganarsa tana nan, jika ɗari uku. Buhu goma ke nan, da dabara da ganye sai ya kai su kaka, garka ta tsira. Da mun tsaya nan da shi ke nan.

Kashegari Mato ya aje agogon kan teburina. “Yaron nan ya gan shi da dauɗa, da gilashi kamar an ja shi a ƙasa, ya ce ɗari uku. To in ya gan shi fes fa? Ni ban taɓa kai kaya gaban mai saye da ƙazanta ba, ba yau zan fara ba. Maida mini shi ango.”

Ba zan yi ƙarya in ce na hana shi ba. Wallahi daɗi na ji. Na gaji da canza batir ga agogon roba na dala ɗari, rabin jika ke nan, ga aiki na gaske ya zo, na ce bari Ƙonni ta ga hannuna. Ni da ke kiran kaina gwani, ban san abin da Mahfuz ke saye ba, kuma girman kai bai bar ni na ɗaga waya na tambaya ba.

Kwana uku na yi a kansa. Na cire tsohon gilashi na sa sabo. Na goge jikin ƙarfen har kaifin gefensa ya kwanta, yana ɗaukar ido. Sa’an nan fuskar. Na kwafe sunan kamfanin agogon ga takarda, na sa reza da kananzir na kankare launin nan kaf, sai da ƙarfe ya fito. Mato da kansa ya kawo farin fentin mota cikin gwangwanin tumatir. Da ya bushe munka kai wa Alhasan, mai rubuta karin magana a bayan manyan motoci, ya sake zana sunan da lambobin da tsinke. Inji kawai na bari, mai na ɗiga mishi. Ranar da na haɗa shi mutane sunka taru suna sa albarka. Mato ya naɗe shi cikin farin ƙyalle, ya daina ɗaurawa don kada zufa ta taɓa shi.

Mahfuz ya iso ranar Laraba, ranar kasuwa. Mato ya warware ƙyallen a hankali yana murmushi. Mahfuz ya duba, ko madubin ido bai ciro ba.

“Baba, ina wancan?”

“Ai shi ne. Gyara munka yi mishi.”

Yaron ya zauna kan benci ya dafe kai. Ya ce mutanen da yake kai wa kaya a Ikko, su ma Turai suke aikawa, kuma abin da suke biya shi ne tsufan. Fuskar nan da rana ta dafa ita ce kuɗin, don ba wanda ya iya yin irinta da hannu. Yanzu duk wanda ya ga rubutun nan jabu zai ce. Injin kaɗai ya saura, zai ba da jika arba’in.

Na tashi da faɗa. Na ce mishi macuci, ya ga yunwa ya zo cin naman mutane. Mato ya riƙe mini riga yana dariya ƙasa-ƙasa, ya raɗa mini cewa kushe kaya ne, shi ma haka yake yi wa masu mota. “Ƙyale shi ya kai bakin ƙofa, zai juyo.” Mahfuz ya ba mu haƙuri, ya ɗauki jakarsa. Muna kallo ya kai bakin ƙofar tasha, ya shiga motar Dogon Dutsi, mota ta tashi. Mato ya daɗe tsaye da ƙyallen a hannu.

Sauran kwanakin ya kai agogon Sakkwato, ya zaga masu agogo. Wanda ya fi taya shi kuɗin sabon agogo ɗan Cana ya taya. Ya dawo ya zauna bencina kamar kullum. Na ce, “Baba Mato, gyaran gangar Abzinawa na yi maka. Ka zage ni ko na ji sanyi.” Ya ce shi ya sa ni, kuma aikin ya yi kyau. Ban taɓa jin yabon da ya ƙona ni kamar wannan ba.

Da kwana goma sha biyar sunka cika ya ce in raka shi ƙauye, za a saida garka. Ana son shaidu biyu gaban maigari, shi kuma yana son ɗaya ya zama mai iya rubutu. Na so in ce a’a, ban ga bakin faɗi ba. Anka karanta takarda, Bawa ya dangwala yatsa, Mato ya dangwala, ni na rubuta sunana ƙasan nasu.

A can al’ada ce, babba a gida shi ke zagawa da mai saye ya nuna mishi iyaka. Daga wani dutse na bakin iyaka Mato ya shige gaba, Alhajin na bin shi, mu muna baya. Ya nuna gambar da ta raba su da maƙwabcin gabas. Ya nuna rijiyar da ba ta ƙafewa, ya ce ɗayar a riƙa yashe ta kafin sanyi. Ya ce kusurwar arewa tana riƙe ruwa, kada a sa albasa nan da wuri, ruɓewa take. Ba wanda ya tambaye shi, shi dai yana ta faɗi, yana tafiya a hankali, har Alhajin ya fara duban amalanken da ya kawo buhunan. Da munka dawo dutsen da munka faro, Mato ya ɗora ƙafa a kai, ya duba ko akwai sauran abin nunawa, babu.

“To, Alhaji,” ya ce. “Iyakarta ke nan.”