Takalmin Mista Bitrus Ya Je Intabiyu

Ni fa har gobe ban yafe wa Gwaggo cusa ni cikin sabgar nan ba. Ina zaman zamana ina tuƙin tarakta a sashen ayyuka na Dutsin-Ma, farkon shekarun tamanin, firamare ma da ƙyar na fito, sai ga aike daga Kurfi wai in shirya ɗanta Lawal don intabiyu. Ranar ba ta fita raina.

Lawal taubashina ne. Ya karanto injiniyancin masana'anta, wato shi ke tsara inda za a dasa inji da yadda ma'aikaci zai yi aiki ba motsin banza. Wata masaƙa a Kaduna ta kira shi. Babansa kuwa ya yanke magana: in bai samu ba, gonar wake na jira.

Na ja shi wurin ogana, Mista Bitrus, shugaban sashenmu. Shi mutumin zane ne, komai sai ya zana a allo. Ya cika allo da akwatuna da kibau, ya juyo ya jefo tambaya.  Sai Lawal ya fara rangaji, gaba, baya, kamar yana gaban malamin allo, ga Turanci na zuba da muryar tilawa. Bai kuskure ko ɗaya ba.

Oga ya ce, "Lawal, a haka ka yi difloma?"

"A haka, ranka ya daɗe. In ban motsa ba karatun ba ya zuwa."

Na ce, "Ka ji mai hana mutane motsin banza."

Oga ya ce ba manajan da zai ɗauki injiniya mai lilo. Muka ɗaure shi jikin kujera da igiyar tirela. Wallahi sunan makarantarsu ma sai da ya yi tunani. Ina ta dariya har na faɗi ƙasa, a nan na hango babban yatsansa na ƙafa yana rangaji cikin silifa, amsa kuma ta fara ɗigowa.

Na ce, "Oga, kwance shi. Karatun ya koma ƙafa, ɓoye shi za mu yi."

Takalmin Lawal sau-ciki ya matse, yatsa ba ya juyawa. Oga ya yi ta ƙunƙuni, ya dai ara masa nasa na zuwa coci, wani ƙato kamar kwalekwale. Aibinsa ɗaya: yatsa na motsi, yana kuka ƙii, ƙii.

Da Lawal ya dawo ya ba mu labari. Yana amsa, takalmi na raka shi. Manaja ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ɗago ya ce, "In ka ga ma'aikaci yana motsin da ba shi da amfani, me za ka yi?"

"Ranka ya daɗe, sai na tambaye shi abin da motsin ke yi masa kafin in hana shi."

Suka ɗauke shi. Ni ma tun daga nan in na ga sabon ma'aikaci da wata ɗabi'a tasa, ba na saurin neman igiya.

Sai gardama ta tashi a ofis. Oga ya dage zanensa ne ya ci intabiyu, yana ta buga allo da alli.

Na ce, "Oga, zanenka ga shi nan, ko tasha bai je ba. Takalminka ne ya je Kaduna."