Firijin Gidan Mai Gyaran Firiji

Babana ya shekara talatin da ɗaya yana gyaran firiji, kuma har zuwa bara namu na gida bai taɓa sanyaya ko kofin ruwa ba. Shagonsa yana bakin titi, tsakanin mai facin taya da mai sayar da fenti. In aka kawo masa firiji, kunne kawai yake karawa a jikinsa, ya lumshe ido, ya ce, "Gas ne ya tsiyaye," ko "Injin ne ya gaji." Shi ya sa unguwa ke kiransa Likita. Namu kuwa yana nan a lungun kicin, Mama tana ajiye gishiri da ashana da ledoji a ciki.

Rigimarsu a kan firijin nan tana tashi ne duk washegarin babban hutun shekara. Mama ba ta iya girkin mutum goma ba. In ta ji 'yan'uwa za su zo, na mutum hamsin take ɗorawa. Baƙi su watse, gari ya waye da rabin tukunyar shinkafa, da miya, da kaji, da dankali cike da roba.

"Malam, dubi abincin nan," in ji Mama, hannu a ƙugu. "Da firijinka yana aiki, da mun yi mako muna ci."

"Gobe zan duba shi."

"Goben nan tun ina da cikin yarinyar nan nake jin ta."

Ni ce yarinyar, yanzu har na yi aure da 'ya'ya biyu.

To tunda abinci ba zai jira goben Baba ba, sai Mama ta ɗaura ɗamara. Ta yagalgala kajin ta soya su da albasa, ta juye shinkafar a ciki, ta murƙushe dankalin da ƙwai. Kafin azahar ƙamshi ya kai ƙarshen layi. A shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a aike ni kiran maƙwabta: matar direba da 'ya'yanta, tela, mai wanki, malamar asibiti in ba ta wurin aiki. Muna kiran ranar da suna ranar kwashe tukwane, kuma wallahi ta fi mini hutun kansa daɗi.

A nan ma sai sun yi. Baba ya karɓe ludayi ya ce shi zai raba, Mama ta ce yana tula wa mutane kamar mai ɗura siminti. Shi kuma ya ce ita ce ke ɓoye cinyoyin kaji a ƙasan tukunya don 'yan gaban goshinta. Maƙwabta su yi ta dariya, kowa na zuga nasa gwanin.

Wanda ya fi kowa son ranar shi ne tsohon maigadin da ke tsaron wani sito a ƙarshen layinmu. Ba shi da kowa a garin. Yakan zo da farar rigarsa ta sha guga, da cokalinsa a aljihun gaba, ya zauna a tsakiyar yara ya yi ta ba su labari har abincinsa ya huce. Sau ɗaya ke nan a shekara da yake cin abinci tare da mutane.

Bara ne abin ya canja. Saura mako a yi hutu, Mama ta ce, cikin sanyin murya, za ta kira mai gyaran da ya buɗe sabon shago a tsallaken titi. Baba ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗauko kayan aikinsa. Ko minti arba'in ba a yi ba firijin ya fara gurnani. Zo ka ga murna wajen Mama. Ta kira ƙannenta a waya ɗaya bayan ɗaya, ta sayo robobi masu murfi guda goma sha biyu, ta riƙa buɗe ƙofar tana tura fuska cikin sanyin.

Hutu ya wuce, ragowar abinci ta shige robobi tsaf. Washegari gidanmu shiru, ba tabarma, ba wanda aka aika kira. Da azahar sai ga sallamar tsohon maigadi, da farar rigarsa. Mama ta ɗumama masa faranti guda ta kai masa falo. Ya ciro cokalinsa yana ci yana duban ƙofa.

"Sauran ba su ƙaraso ba ne?" ya tambaya.

Ya gama, ya goge cokalinsa, ya yi godiya ya tafi. Ni dai kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido.

Kwana tara muka yi muna cin shinkafar nan. A rana ta bakwai Baba ya ɗaga fiffiken kaza yana juya shi.

"Kazar nan ta kusa zama 'yar gida. A sa mata suna kawai."

"Wa ya gyara firijin?"

"Wa ya ce a gyara?"

Na san abin da ke cin su duka biyun, amma iyayena sun gwammace su ci shinkafar wata guda da ɗayansu ya fara cewa ya yi kuskure.

Bana, washegarin hutu da safe, ina wanke kofuna sai ga Baba ya shigo kicin da sanɗa, sukundireba na leƙowa daga aljihunsa.

"Tsaya mini a ƙofa," ya raɗa mini. "In uwarki ta taho, ki yi tari."

Da murnata na tsaya. Ya janyo firijin daga bango, ya durƙusa zai kwance bayansa, sai ya tsaya cak. Wayar firijin tana yashe a ƙasa, an riga an zare ta daga soket, ruwa har ya fara ɗiga. Ina leƙensa na manta da tari. Mama ta wuce ni da kwandon albasa a hannu.

"Malam, firijin nan naka ya sake mutuwa," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba. "Tun da sassafe."

Baba ya dubi wayar, ya dubi Mama. Ya tura wayar ƙarƙashin firijin da ƙafa, ya kara kunnensa a jikinsa, ya lumshe ido.

"Injin ne. Ba zai gyaru yau ba."

"Ka ga irin gyaran naka ko? Yanzu abincin nan duk zai lalace."

"To sai a kira mutane mana."

"Da ma me kake jira? Fito da tabarmi."

Ban tsaya neman takalmin kirki ba, na fita da silifas ɗin wanka. Na buga wa matar direba ƙofa, na leƙa wa tela, na ɗaga wa mai wanki hannu, kowa na jin "kwashe tukwane" ya fara washe baki. Da na kai ƙarshen layi na tarar da tsohon maigadi zaune a kan bencinsa. Farar rigar tana jikinsa, ta sha guga, cokalin yana aljihu. Ya shirya tun safe, amma bai yarda ya taho ba.

"Baba, ana jiranka," na ce. "Kowa yana can."

Ya miƙe da sauri har sandarsa ta faɗi.

Muna shiga muka tarar rigimar ludayi ta kankama, Mama na cewa tuli, Baba na cewa ɓoyo, yara na ta tsalle a kan tabarmi. Tsohon ya zauna a tsakiyarsu, aka miƙa masa farantinsa. Cinyoyi biyu ne a kai. Baba ya sa masa ɗaya, Mama ma ta sa ɗaya, kowannensu yana zaton ɗayan bai gani ba.