Darar da Take da Lungu

A kasuwar Ɗanbatta, a shekarar nan da ɓarayin shanu suka hana ƙauyuka sakat, Tasi'u mai gyaɗa yana kallon wani baƙo tsugune a gindin darbejiya. Dogo ne, busasshe, yatsunsa biyu na dama sun yi kanta irin ta mai jan baka. Ya tona gurabe a ƙasa kamar na dara, amma shi kaɗai yake wasansa.

Tasi'u ya daɗe yana kallo kafin ya gane dokar. Karare su ne 'yan baka, suna ci daga nesa, amma da an matso jikinsu sun mutu. Duwatsu su ne masu adda, ba sa ci sai gaba da gaba. Mutumin yana ƙara dutse, yana cire kara, yana girgiza kai. Tsohon maharbi ne, in ji zuciyar Tasi'u, wataƙila garinsu yake son tsarewa.

"Malam, wa ke ci?"

Baƙon bai ɗago ba. "Tukuna dai. In na yawaita 'yan baka, ba mai shiga ciki. In na rage su, masu adda ba sa kaiwa ƙofa."

Sai Tasi'u ya sake duban ƙasar. Dara ba ta da lungu, amma wannan tana da shi. Ga zagayen rijiya, ga tsinke biyu a matsayin tsamiyoyin bakin turken shanu, daidai yadda suke a ƙauyen su Tasi'u. Kuma karare da duwatsun nan duka daga waje ya jera su.