Katin Kaka a Kan Igiyar Tarihi

Shekarar da muka baro Kurya Madaro muka dawo Kaura Namoda, ban shiga aji ba ko sau ɗaya. An rufe makarantarmu ta can saboda 'yan bindiga, ta nan kusa da mu kuma ta cika, yara har kan taga. Baba ya ce ni da nake babba a kai ni Gusau wajen ƙanwarsa in yi karatu. Inna ta ce a bar ni, ita za ta koyar da mu a gida, ai ta yi shekara biyu a kwalejin horon malamai. Baba ya ba ta wata uku. Direba ne, yana jigilar hatsi tsakanin Kaura da Shinkafi, sai Juma'a yake wuni a gida. Ya ce Juma'ar ƙarshe ta wata na uku zai zauna ya yi mana tambayoyi, ni da ƙanwata. In bai gamsu ba, in haɗa kayana.

Ba na son Gusau. Gidan Gwaggo kullum cike yake da baƙi, kuma tana son ta tsayar da yaro a gabansu ta ce ya yi magana. Ni ko a ajinmu na da, in malami ya kira ni, sai ya zo kusa kafin ya ji abin da nake faɗa.

Lissafi da Turanci sun tafi daidai. Tarihi ne ya ƙi. Littafi ɗaya muka taho da shi, ba bango, ƙanwata kuma, mai shekara takwas, ta haddace komai amma ba ta san me ya riga me ba. Ta taɓa tambaya ko Baba ya ga zuwan Turawa daga cikin motarsa. Ranar Inna ta dube ni ta ce, "Ke, yi mata layi ta riƙa gani." Ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari.

Na fara zana layin da alli a bangon tsakar gida. Matar mai gidan da muke haya ta leƙo ta ce ba a gaya mata an buɗe firamare ba, na goge. Na rubuta a takardu na manna da koko a ƙyauren ɗaki, kwana biyu kiyashi ya cinye kokon, takardun suka zube. Sai na koma igiya. Na ɗaura ta daga ƙusar ƙofar ɗakinmu zuwa ginshiƙin rumfa, na auna da hannuna, kowane taki ɗaya shekara goma, na yi ƙulli. Mai shagon bakin layi ya ba ni kwalayen taliya biyu. Na yanka su da reza, na huda kowane kati da ƙusa, na ɗaure da zaren saƙa. Makar rubutun da na aro ta bushe, sai na ɗiga mata kananzir take rubutu, kuma ba ta wuce kalma uku sai ta sake bushewa. Sati biyu na yi a kan wannan aiki.

Jihadin Shehu na sa a ƙullin farko. Can gaba sosai zuwan Turawa, sai zuwan jirgin ƙasa Kaura, sai 'yancin kai, sai canjin kuɗi zuwa naira, sai ranar da aka ba mu jiharmu. A kowane kati na yi ɗan zane saboda ƙanwata: jirgi da hayaƙinsa, tuta, hular kwano ta Bature. Ya yi kyau. Na kan fito da safe in tsaya ina kallonsa kawai.

Inna ce ta ce a ƙara mutanen gida, don yarinya ta san tarihi ba a littafi kaɗai yake ba. Da na san abin da zai biyo baya da na yi kamar ban ji ba.

Tsofaffi biyu ne a gidanmu. Akwai Kaka, mahaifiyar Baba, akwai kuma Iya, 'yar ƙanen mahaifin Kaka, wadda ta taso daga wani ƙauye na wajen Zurmi don abin da ya taso mu. Iya tana kiran Kaka Yaya. Ita ke fara gaisuwa, ita ke miƙa buta, in an raba goro sai Kaka ta zaɓa tukun. Ba wadda ta san shekarar haihuwarta a cikinsu, don haka Inna ta koya mini dabara: in tambayi kowace yadda take lokacin wani abu da ke kan igiya.

Na sami Iya tana tsince wake. Na tambaye ta 'yancin kai.

"Awo, na tuna," in ji ta. "Ina tallar fura tasha, da ƙanena goye. Anka ba 'yan makaranta tutoci, ni ban samu ba, har kuka na yi."

Kaka kuwa, da na tambaye ta, sai ta ce, "Mi zan sani? An ce ina rarrafe. Uwata ta ce ranar na ja tukunyar miya ta kife."

Na koma na zauna da rula. Mai goyon ƙane tana talla ba za ta gaza shekara bakwai ba. Mai rarrafe ba ta kai ɗaya ba. Na zana Iya da faifanta, na zana Kaka da carbinta, na ɗaure Iya gaba, Kaka a bayanta da rabin taki da ɗan wani abu. Mijin Kaka, wanda ya rasu kafin a haife ni, na sa shi tsakanin jirgi da Iya, na zana masa rawani.

Washegari na tarar da Kaka a gaban Iya. Na ɗauka ni na yi kuskure, na gyara. Kwana na biyu, Kaka ta sake wucewa gaba, mai rawani kuma ya bar wurinsa ya koma jikin Shehu. Kwana na uku Bature ya tashi daga tsakiyar igiya ya koma can ƙarshe, bayan katin ƙanwata, wajen da ake zubar da ruwan wanke-wanke.

Na zargi iska, na zargi ƙanwata har ta yi kuka. Sai na duba zaren da kyau. Ni ƙulli biyu nake yi a kan juna. Wannan kuwa an naɗe shi sau uku an cusa bakin a ƙasa, irin ɗaurin da ke kan kowane ƙullin daddawa da kuka a cikin kwallar Kaka.

Na gaya wa Inna a madafa, a hankali. Ta ci gaba da tuƙa tuwo ta ce, "Surukata ce, me kike so in ce mata? Ke jikarta ce, akwai wasa tsakaninku. Je ki faɗa mata cikin wasa."

Ban taɓa iya wasan jika da kaka ba. Ƙanwata ce gwana. Ita ta je ta tsaya a gabanta, hannu a ƙugu, ni ina bayan ginshiƙi.

"Tsohuwa, ashe ke ce ɓarauniyar kati."

"Ke tahi can, mai kan ƙwarya," in ji Kaka. "Gyara na yi. Wagga malama taku ba ta san sahu ba. Ina anka taɓa sa ƙarama gaban babba?"

"Ai Iya ta riga ki zuwa duniya."

"Ubana shi ab babba, ubanta ƙane na. Ko da furfura anka haife ta, bayana take. Shi kuma Nasara, wa ya ba shi wuri kusa ga Shehu? Ga maigidana malam mai karatu an tura shi baya, an sa kafiri da jirgi gabanshi."

Sai a lokacin na gane. Kaka ba ta ga shekaru a igiyar nan ba. Zaman biki take gani, inda manya ke kan tabarmar gaba, yara da baƙin da ba a so suna bakin ƙofa. Na buɗe baki in ce ba girma ake aunawa ba, lokaci ne, amma abin da ya fito bai wuce "Kaka, ai" ba. Ta ce in ɗaga murya ko in ba ta wuri ta yi alwala.

Na je wajen Iya, ina zaton ita da aka zalunta za ta goyi bayana. Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane.

"Ɗiyata, bar ni bayanta. Tun muna yara nike nan, ban ga abin da ya rage ni ba. In kin sa ni gaba, da wane ido zan miƙa mata buta?"

Na cire katunansu biyu gaba ɗaya na ɓoye a cikin littafi. Kafin azahar Kaka ta aiko ƙanwata ta tambaye ni ko sun mutu ne ba a gaya musu ba. Na mayar.

Haka muka yi sati uku. Kowace safiya in kwance ɗaurin Kaka, wanda ba ya kwantuwa sai da haƙori, in mayar da kowa wurinsa, ƙanwata na tsugune tana miƙo mini kati tana cin ɗumame. Kowace rana, in na shiga wanka ko na je ɗebo ruwa, Kaka ta bi igiyar da sandarta ta sake jera mutanenta. Ramukan katunan suka yage, na liƙe, suka sake yagewa. Bature ya jiƙe sau biyu, hularsa ta zama tabo. Ba ta taɓa yi mini maganar ba, ni ma ban yi mata ba. Da safe in durƙusa in gaishe ta, ta amsa da fara'a, har ta ba ni ƙuli.

Ranar Juma'ar da Baba ya sa, na gyara igiyar tun da hantsi na zauna a ƙarƙashinta ina gadi. Sai Inna ta aike ni kai niƙa. Na dawo na tarar Baba ya sauko daga masallaci, yana zaune kan tabarma, ƙanwata tsaye a gabansa, Kaka da Iya a inuwa, Inna a ƙofar madafa. Kallo ɗaya na yi wa igiyar na ga Kaka ta riga ta sake jera mutanenta.

Baba ya ce wa ƙanwata ta karanta masa daga farko. Ta bi da yatsa: Shehu, sai mijin Kaka mai rawani, sai Kaka, sai Iya, sai jirgi.

"Tsaya," in ji Baba. "Tsohuwa ta girmi jirgin ƙasa?" Ya ci gaba da bin igiyar da ido har ƙarshe. "Turawa kuma bayan an haife ki suka zo? Wannan ne karatun wata uku?"

Inna ta juya ta shiga madafa. Ba za ta tona surukarta ba. Baba ya juyo gare ni ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Na ce ni ce. Ya ce bai ji ba. Na ajiye robar niƙan, na je na sa haƙori na fara kwance zaren, don hannuna ya fi bakina sanin abin yi. Ina ciro Bature, ƙanwata ta ce, "Ba nan ba, bayan ƙulli na goma yake, kafin jirgi." Ta karɓe shi ta kai wurinsa. Ta dawo ta ɗauki mai rawani ta ce shi bayan jirgi ne. Baba ya sa ta juya wa igiyar baya, ya yi ta tambayarta a birkice, me ya riga naira, me ya biyo 'yancin kai, tsakanin jihadi da Turawa taki nawa ne. Ba ta kuskure ko ɗaya ba. Sati uku tana miƙo mini katunan nan kowace safiya.

Saura biyu a hannuna, mai faifai da mai carbi. Baba ya tambayi yadda na san wurinsu. Na faɗa masa maganar talla da rarrafe, idona a ƙasa, kuma wannan karon ya ji. Ya ɗauki guntun zaren da na kwance ya juya shi a tafin hannunsa. Ya san ɗaurin, da shi ake ɗaure masa guzuri tun yana yaro.

"Tsohuwa," ya ce, "ashe har da ke a makarantar."

"Ni ban san boko ba," in ji Kaka. "Na dai san babba."

Baba ya karɓi katunan biyu ya haɗa su ya zura zare ɗaya a ramukansu, ya ɗaure su a wuri guda, daf da tuta. Ya ce daga yau shekara ɗaya aka haife su. Kaka ta tambayi wace ce a sama. Ya ce iska ce za ta riƙa zaɓa. Daga nan ya aiki ƙanwata ta aro guduma, ya hau benci, ya kwance igiyar ya kafa mata ƙusoshi can sama kusa da kwanon rufi, inda ko da sanda Kaka ba za ta kwance ƙulli ba. Da ya sauko ya karkaɗe hannu ya ce wa Inna a ƙara wata uku a gani, maganar Gusau a ajiye ta tukun.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma da na ɗaga kai sai na ga daga ƙasa ba a iya karanta ko kati ɗaya, rubutun ya yi ƙanana. Dole a sake su duka da manyan baƙaƙe, da makar nan mai shan kananzir. Kuma ga shekara bakwai cur Baba ya share da zare ɗaya, ba wanda ya damu sai ni. Bayan la'asar na sa hijabi na koma wajen mai shago, na tsaya a gefe har mutane suka ragu, sannan na tambaye shi ko akwai sauran kwali.