Ƙwayoyi Huɗu a Bakin Rumbu

Da za a ba ni dama in warware abu guda a rayuwata, da na koma na kwance ƙullin tsummar da na soke a bakin rumbu. Ƙwayoyin magani huɗu ne a ciki. Na ɗiyata ne, kuma ni na hana mata su.

Shekarun fari ne. Damina biyu a jere gero ya fito, ya tsaya iya gwiwa, ya ƙone. Gulbin da ke kusa da mu a Tozai ya koma rairayi, sai mun yi tono muke samun ruwa. A lokacin muka koyi ɓoyo. Kome ya shigo hannunka, ka taɓa rabi ka ajiye rabi. Iri kuwa, ko yara na kuka ba a taɓa shi.

Ɗiyata ta fari na da shekara huɗu zazzaɓi ya kama ta. Na ce ba na sauro ba ne, ina sauro zai fito babu ruwa? Uwarta ta matsa, na ɗora yarinyar a jaki muka tafi asibitin garin Isa. Malamin asibiti ya ba mu ƙwayoyi na kwana uku, ya ce a shanye duka. Rana ta biyu jikinta ya yi sanyi, har ta tashi ta nemi kunu. Sai na kwashe sauran.

Uwarta ta ce, "Malam, mi kake yi da maganin yarinya?"

"Ajiya za ni yi. Ai ta warke. In damina ta faɗi sauro ya taso, mi za mu ba ta?"

"Halan shi ma iri ne, da za ka shuka?"

Na yi dariya, na ɗaura tsummata.

Bayan kamar sati biyu zazzaɓin ya dawo. Da rana tsaka tana kwance a tabarma idanunta suka juye, haƙora suka datse, jiki ya kama jijjiga. Jakin mun riga mun sayar. A kafaɗa na saɓa ta na nufi asibitin, ina tafiya ina tsayawa ina kara kunne a ƙirjinta.

Malamin ya yi mata allura, sannan ya tambaye ni ko ta shanye maganin. Na gaya mishi gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Malam, wannan cuta ba ta mutuwa don gulbi ya ƙafe. Laɓewa take yi a jini, ta rage motsi, ta jira. Jiki na da masu gadinsa, suna gane baƙo da rigarsa. To ita riguna gare ta da yawa. Da an shaida ta da wannan, sai ta tuɓe ta sa wata. Kai tun kana yaro kake shan zazzaɓi, jininka ya san yawancinsu. Ita yarinyar nawa ta gani? Ga yunwa kuma."

Kwana huɗu ba ta san wanda ke kanta ba. Ni da uwarta sai kallon cikin yarinyar muke, ko yana ɗagawa. Ran na biyar ta buɗe ido. Na kira ta, ba ta waiwayo ba. Na sake kira da ƙarfi. Har yau, da jikokinta, sai an tsaya gabanta an yi mata magana da hannu.

Da damina ta zo na kwance tsummar. Ƙwayoyin sun zama gari.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in an ce kwana uku, to ya cika ukun, ko da yaro ya tashi yana guje-guje. Ku ajiye iri, amma don Allah kada ku ajiye maganin yaro.